Jirgin da bai taɓa sauka ba



Waɗanda suka kama shirinmu na daren Laraba sun ji na taɓo zancen wani ɗan jirgin sama da ke ajiye bisa teburina a gidan rediyo, har wani bawan Allah ya kira daga Belbeji yana tambaya wai ko jirgi muka saya ba mu gaya ma jama'a ba. Aka yi dariya, lokaci ya ƙure, na yi alkawarin zan rubuta labarin a wannan shafi. To ga shi. Yana da ɗan tsawo, ku ɗora shayi bisa wuta.

Jirgin na roba ne, kuma a Yamai na same shi, a kasuwar Katako, bara da aka tura mu wani horo na sati biyu. Cikin tarkacen wani mai tsofaffin kaya na hangi kwalinshi, rana ta cinye launin, amma hoton jirgi na nan. Sunan kamfanin Heller, na Faransa, masu yin irin waɗannan ƴan jirage da mutum ke harhaɗawa da kanshi. Da na buɗe sai na ga gutsattsarin roba maƙale da juna, fiffike daban, ciki daban, tayoyi daban, da takardar da ke nuna yanda ake haɗawa. A jikin kwalin an rubuta 1/72. Ma'ana, duk abin da ya kai santimita 72 a jikin jirgin gaske, a nan santimita 1 ne. Jirgin kuwa Transall ne, wannan mai farfela biyu na ɗaukar kaya da Faransa da Jamus suka ƙera tare, ya fara tashi a 1963. Faɗin fukafukanshi mita 40, ke nan nawa ya tashi santimita 55 da ɗoriya. Na san wani zai ce duk jiragen duniya sai na Faransa, bayan sojojinsu sun tattara sun bar ƙasar tun Disamban 2023. Ɗan uwa, shi na tarar a ƙasa, kuma jikka uku na biya bayan doguwar ja-in-ja. Su ma masu shi sun daina aiki da shi tun 2022.

Sati uku na yi ina fama da shi bayan sallar isha'i. Uwargida tun tana magana har ta gaji ta sa mani ido. Da ya haɗu na shafe jikin da fenti mai ruwan toka, sai ya rage tayoyi. Guda goma ne, biyu a gaba, huɗu huɗu a kowane gefe. Nan ban tsaya wani tunani ba. Akwai ragowar baƙin fentin da aka shafa ma ƙofar gida, na tsoma tsinke na bi su ɗaya bayan ɗaya, suka fito baƙi wuluk suna sheƙi. Na ja baya na duba, na ce ma kaina madalla.

Dalilin duk wannan wahala, autan yayata ne da ke Tenhya. Shekarunshi 14. Tun yana ƙarami ba a ajiye gwangwani a gidansu ya kwana lafiya. Na tumatir, na madara, na sardin, duk sai ya buɗe su ya miƙe da dutse, ya yanka da tsohon almakashin uwarshi. Da motar kara ya fara kamar kowane yaron Damargu, totuwa da ɓawon kara da ƙayar aduwa a madadin ƙusa. Daga nan ya koma ta langa-langa da waya, daga baya kuma ya bar motoci gaba ɗaya ya kama jirage. Ni kuma, tun da ni ne kawun da ya je Yamai, na so in nuna mashi yanda na Turawa yake. In faɗi gaskiya, har da son ya yaba.

Da bikin suna ya kai ni can bayan girbi, na rungume kwalin bisa cinya a bayan motar ƴan kasuwa tun daga Tanut. Wanda ya san hanyar ya san abin da hannuwana suka sha. Bayan an watse, da la'asar, na kira shi ƙarƙashin rumfa, na buɗe kwalin a hankali kamar mai buɗe lefe.

Yaron bai ce komai ba tukuna. Ya durƙusa, ya kwantar da kumatunshi kusa da tabarma yana kallon jirgin daga ƙasa. Ya zagaya ta baya. Ya taɓa farfela da ɗan yatsa. Can ya ɗago ya ce:

“Kawu, ya yi kyau. Amma wannan jirgin bai taɓa sauka ba.”

Na ce kamar yaya?

Ya ce, “Tayoyin. Taya ba baƙa ba ce.”

Jama'a, na yi dariya har da buga cinya. Ni da na yi kolej na yi lise, ina karanta labaran duniya kullum da safe, yaron da ke maimaita ajin farko na kolej zai gaya mani taya ba baƙa ba ce? Na ce to wace iri ce, kore? Bai yi gardama ba, ɗan yayata ba mai yawan magana ba ne. Ya ce in Allah ya kai mu ranar kasuwa zai nuna mani.

Ranar kasuwa ya ja ni wajen da manyan motoci ke tsayawa. Akwai wata kamyo da ta yi lodin buhunan hatsi har sama, direban na barci a inuwarta. Ya ce in tsuguna. Na tattare babbar riga na tsuguna, mutane na wucewa suna gaishe ni suna mamaki. Ya ce, “Kawu, duba da kyau, ka nuna mani baƙin.”

Na duba. Wallahi na nemi baƙi na rasa. Gefen tayar toka-toka ne mai duhu, da wani ja-ja a kanshi kamar an shafa mata ƙasa da hannu. Inda take taka ƙasa ya fi haske, ya goge ya yi sumul, kusan launin dutsen niƙa. Cikin tsagogin zanenta rairayi ne ya cika, fari-fari, da ƙarangiya biyu uku maƙale. Kusa da janti, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kai, akwai zoben ƙura da ya daskare da maiƙo. Wuri ɗaya tak na ga baƙi na gaske, inda wani kare ya ɗaga ƙafa bai daɗe ba. Auta ya ce shi ma in ya bushe zai koma kamar sauran.

Sannan ya nuna mani ƙasan tayar. Ya ce, “Ka ga ba zagayayya ba ce.” Haka ne kuwa. Inda ta haɗu da ƙasa ta baje, ta yi tumbi ta gefe da gefe saboda nauyin buhuna. Ya ce, “Naka yana tsaye bisa ɗan yatsa kamar zakara. Jirgin da ya ɗauko kaya ba ya tsayuwa haka.”

Shekaruna talatin da biyar ina hawa mota da moto, na sha tura mota cikin rairayi, na sha zama gindin itace ina jiran a liƙe taya. Ban taɓa kallon taya ba sai ranar. Na san sunan launinta tun ajin farko, shi ke nan na rufe babin. Kuma in kun tuna, haka aka koya mana zane a lekol. Sama shuɗiya, ruwa shuɗi, itace kore, taya baƙa. Mu kuwa watanni muke yi sama fara fat da hazo, ruwan tabkinmu launin kunu, itatuwanmu rabin shekara ba ganye. Amma in mushe ya ce a zana gari, sai mu ɗauko shuɗi mu cika takarda, kuma wanda ya fi cikawa shi ke samun maki. Ba laifin mushe ba ne, shi ma haka aka ba shi.

Da muka koma gida na ce to malam, gyara mani. A nan ne na ga aiki.

Ya fara da cire tayoyin a hankali da bakin reza. Ya kankare fentin ƙofar nan tas, ya ce ya yi kauri, ya toshe zanen. Ya ɗebo rairayi mai laushi ya murza kowace taya tsakanin yatsunshi har santsin robar ya mutu, don in ba haka ba abin da zai shafa ba zai kama ba. Sai ya shiga ɗaki ya fito da ƴar kwalbar tawadarshi ta makarantar allo. Ya zuba kaɗan a murfin gwangwani, ya tankaɗe toka da gefen tsohon ɗankwali ya zuba a kai, yana juyawa da tsinke yana gwadawa a bayan hannunshi. Ya ce sai ta bushe ake sanin launinta, da danshi duk baƙa ce. Ya ƙara toka sau uku kafin ya yarda. Ya ce kuma tawadar da aka cika ma ƙaro ba ta yi, don ƙaro ke sa sheƙi, taya kuwa ba ta sheƙi sai a shagon mai sayarwa.

Burushinshi gashin wutsiyar akuya ne ɗaure a sillen kara. Ya shafa, ya jera su a rana. Da suka bushe ya sake bin tsakiyar kowace, inda ke taka ƙasa, da haɗin da ya fi yawan toka. Daga nan ya jiƙa jar ƙasa ta yi ruwa-ruwa, ya ɗiga a cikin tsagogin, ya bari ta sha iska, ya goge saman da ɗan yatsa. Ƙasar ta zauna a cikin zanen, saman ya fita. Abin da ya rage a yatsan ya shafa a gefen tayar, sama-sama.

Na ƙarshe shi ya tsorata ni. Ya ɗora bayan cokali bisa gawayin mangal ɗin shayi, ya bari ya ɗauki zafi, ya ɗauke ya jira kaɗan, sannan ya danna ƙasan tayar a kai, ya ƙirga uku ya ɗaga. Na ce za ka narka mani jikka uku! Ya ce, “Kawu, da silifa nake koyo, na ƙona sun fi ɗari.” Ƙasan ya baje kaɗan, gefen ya ɗan kumbura. Da ya mayar da su ya ajiye jirgin bisa tabarma, sai na ga abin ya zauna. Ban san yanda zan faɗa maku ba. Da farko abin wasa ne aka ajiye. Yanzu kuwa kamar ka ji ƙarar injin na mutuwa, ka jira a buɗe ƙofar baya a fara sauke buhuna.

Da na dawo Tanut na shiga intanet don in ga ko masu wannan sana'a a ƙasashen waje sun san abin da Auta ya sani. Ashe duniya ce guda. Akwai dattawa a Faransa da Ingila da Japan da ke kashe kuɗi da shekaru a kan ƴan jiragen nan, kuma abin da suke fara gaya ma sabon shiga shi ne kada ya kusanci baƙin fenti tsantsa in ya zo kan taya. Kamfanoni irin su Tamiya har fenti na musamman suke sayarwa mai launin robar taya, toka mai duhu marar ƙyalli. Ƙurar da Auta ke ɗiba a tsakar gida, su a ƴan kwalabe suke sayenta, gari-gari, kowace da sunan irin ƙasar da take kwaikwayo. Bajewar ƙasan taya kuma, wasu da magogi suke yi, wasu su danna ta bisa dutsen guga da takarda a tsakani, wasu su sayi tayoyin da aka riga aka yi masu tumbin tun daga masana'anta.

Suna da wani bayani da ya burge ni. In ka tsaya rabin mita daga jirgin 1/72, kamar ka tsaya mita 36 ne daga na gaske. To tsakaninka da abin da ke nesa akwai iska da ƙura, su kuma suna kashe kaifin launi, baƙi ya koma toka, ja ya dushe. Saboda haka ƙaramin abu in ana so ya yi kama da babba, sai an rage ma launinshi ƙarfi. Su sai da suka zauna suka yi lissafi. Mu nan duk wanda ya taɓa hangen raƙumi cikin hunturu ya san da haka.

Na kuma gano cewa ita kanta robar asalinta ba baƙa ba ce. Ruwan itacen roba fari ne kamar madara, kuma tayoyin farko farare ne ko toka-toka. Shi ya sa mutumin nan na tallar Michelin, mai jiki ƙulli-ƙulli, yake fari: tun 1898 aka zana shi, tayoyi ne aka jera, kuma a lokacin haka launinsu yake. Sai wajen 1910 aka fara zuba ma roba wani baƙin gari da ke ƙara mata ƙarfi da juriyar rana, tayar ta daɗe ba ta cinye ba. Wannan gari kuwa ɗan uwan kunkunniya ne, baƙin hayaƙi, irin wanda ake kankarowa a gindin tukunya a yi tawada. Ke nan yaron da ya shafa ma taya tawadar allo bai yi nisa da masana'anta ba. Ja-jan da na gani a gefen tayar kamyon nan ma ba duka ne ƙasa ba. Akwai wani magani da ake sa ma roba don kada ta tsattsage, yana fitowa sama a hankali, in ya sha iska sai ya yi launin ƙasa.

Tayar jirgi kuma tana da nata labarin. Kafin jirgi ya taɓa ƙasa tayoyin a tsaye suke, ba sa juyawa, sai a ƙiftawar ido su kama gudun da jirgin ke yi. Hayaƙin da ake gani lokacin sauka roba ce ke ƙonewa, baƙaƙen layukan da ke kan titin filin jirgin Diori Hamani kuma ita ce ta bar su. A manyan jirage ba iskar da muke shaƙa ake hura masu ba, nitrojin ne, don zafin birki kada ya tayar da wuta daga ciki. In zanen ya cinye ba a yar da tayar, sabon bango ake sake yi mata, sau da yawa. Da na karanta ma Auta wannan ta waya, abin da ya tambaya shi ne ko tsakiyar ce ke fara cinyewa ko gefe.

Yaron nan bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Abin da ya sani shi ne farin layin da suke bari a sama, sai ƴan bidiyoyi a wayar maƙwabci. Ni kuwa na gani, ina da shekarunshi daidai. A 2004 ne, shekarar fara, wadda yunwar 2005 ta biyo bayanta. Wanda ya yi wayo a Damargu lokacin ba sai an tuna mashi ba, garin ya yi duhu da rana tsaka, gero ya koma kara tsirara cikin yini guda. Wani ɗan ƙaramin jirgin feshi ya sauka a fili, muka bar aji muka ruga. Na tsaya kusa da shi har ina jin warin maganin. Na yi wata guda ina ba da labarin farfela da gilashin direba da Baturen da ya fito yana goge zufa. Da za ka tambaye ni tayoyin, sai in ce baƙaƙe, alhali cikin rairayinmu suka sauka. Shi Auta wajen mai kolaji ya koya, wanda ƴan Najeriya ke ce ma mai faci. Duk ranar kasuwa yana can yana riƙe mashi tub cikin ruwa ana neman inda kumfa ke fita, ana ba shi dala ashirin ko talatin. Tayoyin kamyo da na moto da na amalanke sun bi ta hannunshi sun fi a ƙirga. Daga nan ya auna yanda ta jirgi za ta kasance.

To yanzu ga abin da ya sa na ce zan rubuta, don ba labarin fenti kawai ya zaunar da ni ba.

Daren da zan baro Tenhya, mijin yayata ya kira ni waje. Mutum ne mai kirki, ya girme ni da kusan shekara ashirin, Yaya nake ce mashi. Ya ce ya ga abin da muke yi da yaron, kuma yana roƙona in daina ƙara mashi ƙarfin gwiwa. Ya ce lekol ta ƙi shi, bara ya faɗi, bana ma makin ba daɗi, in ya sake faɗuwa korarshi za a yi. Ya ce akwai wani ɗan uwansu mai mota da ke kai kaya wuraren zinariya a arewa, ya yarda ya ɗauki yaron a matsayin yaron mota. Tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 kun san samarin da suka bi wannan hanya. Kun san waɗanda suka dawo da moto da kuɗin aure, kun kuma san gidajen da har yau ake jiran kiran waya.

Na ce, “Yaya, yaron nan yana da ido. Abin da ya gani ni ban gani ba, kuma ni ne na yi karatun.”

Ya ce, “Ido ba ya cika rumbu. Damin da na samu bana ba zai kai mu watan azumi ba. Jirgin nan nashi yana tashi?”

Na ce ba ya tashi.

Ya ce, “Ana saye?”

Na ce a nan dai ba a saye.

Ya ce, “To ka gani.”

Ni mai magana ne, da baki nake ci, amma daren nan na rasa ta cewa. Ba zan zo shafin nan in mai da shi azzalumin uba ba, don ba shi ba ne. Mutum ne mai baki tara a gida da gona mai rairayi, yana lissafin da ni albashi ya ɗauke mani. Kuma ban da tabbacin cewa yaron da ya iya fentin taya zai zama wani abu. Na san masu hannu da yawa a garin nan da suka tsufa suna gyaran fitila. Abin da na sani kawai, takardar makarantarshi ta ce ba ya fahimta, ni kuma na tsuguna gaban kamyo na ga yanda yake fahimta. Faransanci ne bai zauna mashi ba. A gida Hausa, a kasuwa Hausa da ɗan Fulatanci da Buzanci, sai a aji a ce ya bayyana duniya da harshen da ba ya mafarki da shi. Ni na tsallake wannan rami, amma na san da ƙyar ne, kuma na san waɗanda suka fi ni kai da suka faɗa ciki.

Abin da na iya yi shi ne na roƙi alfarma. Na ce ya ba ni yaron ya zauna wajena a Tanut, cinshi da suturarshi a wuyana, in nema mashi wuri a cibiyar koyon sana'a, irin waɗanda ake ce ma CFM, ya koyi walda ko kanikanci da takarda a hannu. In Allah ya buɗa ya gyara karatun, akwai makarantun fasaha a gaba, har lise ta fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi. Na faɗi wannan ina sane da cewa ban yi shawara da uwargida ba, ɗakunanmu biyu ne, yaranmu uku. Yaya ya yi shiru ya daɗe. Ya ce shi abin da yake nema mai kawowa ne, ba mai rage baki kaɗai ba, amma rage bakin ma wani abu ne. Ya ce mai motar sai bayan ƙaramar salla zai sake bi ta nan. In kafin lokacin na zo da magana tsayayya, wuri da sunan mai koyarwa, zai duba. In ban zo ba, yaron zai bi mota.

Yayata ba ta sa baki ba, tana bakin murhu tana jin mu. Da asuba da zan tafi ta ƙulla mani cuku a leda, ta ce, “Ka yi da gaske, kada ya zama zancen rediyo.” Wannan magana ta fi ta mijinta zafi.

Uwargida ta yarda, bayan ta gaya mani abin da ya dace a gaya ma mutumin da ya yi alkawari da ɗakin da ba shi kaɗai ke kwana ciki ba. Na je cibiyar sau biyu, an ce in dawo lokacin ɗaukar sababbi, wanda bai zo daidai da wa'adin da aka ba ni ba. Saboda haka nake neman wani abin riƙewa kafin nan. In akwai mai garejin walda, ko makaniken moto, ko maƙeri a Tanut ko Damagaram da zai karɓi yaro ɗan shekara 14 mai natsuwa, wanda ba ya ƙyuya kuma ba ya taɓa abin da ba nashi ba, ya bar mani saƙo a nan ko ya same ni a gidan rediyo bayan labaran safe. Ba kuɗi nake roƙo ba. Wanda zai koya mashi da gaske nake nema, ba wanda zai mai da shi ɗan aiken sayen shayi ba. Wanda ke son ganin aikin hannunshi kafin ya amsa, jirgin na nan bisa tebur, ya zo ya duba.

In kun zo za ku ga tayoyi takwas ne kawai aka gyara. Biyun gaba suna nan da fentin ƙofata, suna ta sheƙi. Magariba ce ta yi mana ranar, washegari kuma mota ta zo da wuri. Na ce zan ƙarasa da kaina tun da na ga yanda ake yi, Auta ya ce a'a, in bar mashi, tokar da zan haɗa ba za ta zo daidai da tashi ba. Ya zuba ragowar haɗin a ƙullin leda ya sa a aljihu, ya ce in ya zo zai ƙarasa.